Yaya Ya Zo Ɗaukarsa

"Ku cire masa robar nan, gida za mu kai shi!" in ji Yaya, wan Direba, yana dukan ƙofar ɗakin masu korona da tafin hannu.

Matar Direba tana tsaye jikin gilashi. A ciki mijinta na kwance rub da ciki, robar iska a hanci, bayansa na ɗagawa da ƙyar. Mutumin da makon jiya ya canja tayar bas shi kaɗai, ya dawo yana tsokanarta wai shayinta ko injin mota ba zai sha ba.

Likita ta fito, idanunta jajur a saman takunkumi.

"Nas ta ce allurar rage garkuwar jiki kuke masa," in ji Yaya. "Mutum na fama da ciwo, ku kuma kuna karya masa garkuwa? Kashe shi za ku yi?"

"Malam, saurare ni. In cuta ta shiga jiki, wurin da ta kama yakan aika saƙo sauran jiki ya shirya. Korona toshe saƙon take yi. Sai ta lafe tana hayayyafa, mutum na harkarsa, ko zazzaɓi babu. Kafin jiki ya farga ta yi nisa, shi kuma sai ya taso da ƙarfin da ya wuce kima. Yanzu garkuwar tasa ce ke kumbura masa huhu. Ita muke lallashi."

"Zai tashi?" Matar Direba ta tambaya a hankali.

Likita ba ta kau da kai ba. "Ban sani ba. Amma in aka cire iskar nan, ba zai kai bakin titi ba."

"Surutun asibiti!" Yaya ya ja tsaki. "Ni na goya yaron nan. In mutuwa ce, ta same shi a ɗakinsa, hannunsa cikin nawa."

Maganar ta soki Matar Direba, don ita ma abin da take tsoro ke nan. Tunda aka kawo ta gidansu ba ta taɓa yi wa Yaya musu ba.

Ya je ƙarshen baranda ya turo keken marasa lafiya har bakin ƙofa. Kafin ya sake buɗe baki, ta gyara zaninta ta zauna a kai.

"Ke, tashi!"

"Yi haƙuri, Yaya. Ƙafafuna ne suka gaji."

Ta damƙe tayoyin da hannu biyu. Bayan gilashi wata na'ura ta fara kuka, likita ta koma ciki da gudu. Matar Direba ba ta waiwaya ta ga gadon wane ne ba.