Lambobi Uku a Ƙarƙashin Aska

…kuma ai ba laifina ba ne, laifin takardar ne. Takardar zamanin nan, wadda a lokacinmu ko ƙunshin ƙwayar magani ba za a yi da ita ba, ita ce yau aka ɗora wa naira dubu goma sha takwas. Buhu uku na riɗin Miga, waɗanda na tsaya a kansu tun daga shuka har kakkaɓa, ga su nan sun koma guntun kwali, katin rajistar makaranta, wanda bai cika tafin hannu ba. Lambobi goma sha biyu a ƙarƙashin wani shafe mai kama da azurfa. Tara suna nan sarai. Uku… uku sun bi azurfar.

Ni, Muntaka, wanda ya gama Midil ta Kano, ya yi shekara uku a makarantar disfensa, ya riƙe disfensare shekara talatin da huɗu tun zamanin En'e ba a taɓa kama shi da kuskuren awo ba, ni ne zaune a kan kujerar roba a shagon intanet a Dutse, ina cankar lamba. Caca ke nan fa. A garin da shari'a ta rufe gidajen caca, ni da furfurata na buɗe tawa.

Ƙarfe uku da kwata. Ƙarfe huɗu ake rufe rajista.

Zulfa, 'yata, ki fahimce ni, ban taɓa ƙin wannan karatu naki ba. Na dai faɗi ra'ayina, kuma ra'ayin masani ne. Makarantar koyon aikin jinya wadda rabin darasinta zai zo ta kwamfuta, rabi a asibiti? Ta ina akwatin gilashi zai koya wa mutum jin bugun jijiya? Ya taɓa shaƙar warin gyambo? Amma na ce to. Tun da aka ƙaddamar da shari'a kowane magidanci so yake mace ta duba masa iyali, ma'aikatan jinya mata kuwa a ƙasarmu ba su cika yatsun hannu ba, saboda haka na ce je ki, ni zan biya, ni kuma zan yi rajistar da kaina, domin harkar takardu ba ta yara ba ce —

"Baba, kawo in kankare da farce."

Farce! A gaban bankin kika faɗa, ɗazu da hantsi, muna fitowa da katin. Na dube ki ta saman tabarau. Na ce aikin da ya ci dubu goma sha takwas ba a sa masa farce, sai kayan aiki. Na tura ki gidan gwaggonki Huseina ki jira albishir. Na zauna a inuwa, na ciro askar tiyatata, wadda nake naɗewa a ƙyalle tun ranar da na ajiye aiki, askar da ta fasa maruru ya fi dubu ba ta taɓa zarcewa ko da kaurin gashi ba. Na ɗora ta a kan azurfar a hankali, a karkace, kamar yadda aka koya mana… sai ta nutse. Ita ce ta nutse. Ni ban tura ta ba.

Janareton nan da ƙara yake. Teburin ma girgiza yake yi, kowa na gani.

Na koma bankin, na gabatar da kaina yadda ya kamata, da suna da muƙami da shekarun aiki. Ma'aikacin ya juya katin sau biyu. "Ranka ya daɗe, katin da aka kankare ba ya dawowa. Sai dai a rubuta wa hedikwata, mako shida." Mako shida! Wasiƙa kam na iya ta, ba a fi ni ba, amma wace wasiƙa ce za ta riga ƙarfe huɗu?

Lamba ta farko cikin ukun, 'yar sanda ce a tsaye. Ɗaya ce ko bakwai? Ta biyu ciki ne zagaye, ko shida ko takwas ko sifili. Ta uku babu komai, rami ne, ina hango hasken ƙofa ta cikinsa. Sau uku kawai na'urar ke yarda a gwada. Na riga na cinye biyu.

Malam Hashimu mai shago ya sake leƙowa. "Alhaji, a yi hattara fa, saura ɗaya. In ta ƙi, katin ya mutu ke nan. Ko in buga maka?" Na ce masa hannun da ya ɗinke fatar mutum ba ya neman aron yatsa don taɓa maɓalli. Ya kalli hannun, ya koma wurinsa. Me ya gani? Me yake kallo?

Lemo. Da lemo wata Sista Baturiya ta koya mana allura, a shekarar hamsin da tara. Mu goma sha biyu a layi, kowa da lemonsa, ita tana zagayawa da rula. Ta ɗora kwabo a bayan hannuna ina soka allurar, kwabon bai motsa ba. Ta kira ajin kaf su zo su gani. Da lemo ni ma na koya miki, kina 'yar shekara goma, a zaure, uwarki Rakiya tana faɗa wai muna ɓata mata abin marmari…

Rakiya ta daina cika mini kofin shayi. Tun yaushe? Rabi take zubawa. Na ɗauka tsimin sukari ne, har na yi mata lacca a kan rowa.

Uku da rabi ta wuce.

Allurorin yanzu ne ba su da kyau, na faɗa a lokacin kuma ina nan a kan bakana. Ɗan'inna mahauci, daminar bara, zazzaɓi ya kayar da shi, ya zo zaure kamar yadda duk unguwa ke zuwa. Jijiya ga ta nan kamar igiyar guga. Na soka, ta kauce. Na sake. Na uku jini ya taru ƙarƙashin fata, hannun ya kumbura, ƙato guda yana cije leɓe yana cewa ba komai, Malam, ba komai. Sai ga ki a bayana da auduga. "Baba, don Allah bari in koya." Sau ɗaya kika soka. Na ce madalla, koyarwata ce. Na faɗa a masallaci, na faɗa a kasuwa.

Tun daga ranar kullum koyo kike yi. Shekara guda cur. Duk wanda ya zo, "Baba, bari in koya." Mata suna sallama suna tambayar ko kina nan, na ce ai shari'a ce, mace ta fi son mace, haka ya dace. To Ɗan'inna fa? Shi ma mace ne? Watan jiya ya dawo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya naɗe hannun riga, idonsa na kan ƙofar cikin gida. Ya yi ta jan gaisuwa, ina gona, ina rana, ina labarin fansho, har kika fito. Mahauci, mai gemu, ya gwammace…

A'a. Teburin ne. Janareton ne.

An kashe janareton. Wuta ta dawo. Shagon ya yi tsit.

Katin yana kaɗawa tsakanin yatsuna kamar ganyen darbejiya.

Gwaji na biyu… bakwai na nufa. Na tabbata bakwai na nufa. Na duba allon kuwa kafin in aika? Bakwai guda ce ta fito, ko bakwai biyu? Wataƙila lambar daidai ce. Wataƙila tun ɗazu na canka daidai, yatsan ne ya… kuma na hana mutumin ya buga.

Ba farce kike nufi ba. Kin san abin da askar za ta yi. Kin sani, kika tafi gidan Huseina duk da haka, don kada ki kunyata ni a bakin banki, kika bar mini dubu goma sha takwas da shekararki guda a hannun da ko kofin shayi ba a cika masa. Ku duka kun sani. Unguwa guda tana lallaɓa ni kamar ƙwai, ni kuwa ina yi musu lacca.

Huɗu saura kwata. Ga kiran la'asar can. Gidan Huseina tafiyar minti biyar ce a babur, idonki ya fi nawa, wataƙila ki ga abin da ya rage na sandar nan. Amma sai na miƙa miki katin. Sai kin ga ramin. Ba za ki ɗora mini laifi ba, na sani, za ki ce takardar ce ba ta da kyau, Baba, takardar zamani… wannan ne ba zan iya ji ba.

Malam Hashimu yana tsaye a kaina, makullin babur a hannunsa. Jirana yake.

Na danne hannun dama da na hagu. Na hagun ma…