Zalɓen Gidan Kurihara

Tun ranar da aka kawo Tokiko gidan Kurihara a garin Kanazawa na ƙasar Japan, surukarta ta nuna mata wani dogon akwatin katako ta ce, "Idan wuta ta tashi, wannan za ki fara ɗauka, sannan ki koma neman takalminki."

Zanen tawada ne a ciki, a naɗe: zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya cikin ruwa. Dangi sun gaji labarin cewa aikin wani shahararren mai zane ne na zamanin da, wanda ake wa laƙabi da Tsohon Dutse. Surukar ta rasu, mijin Tokiko ma ya bi ta, akwatin ya zama nata ita kaɗai. Garin kuwa akwai danshi. Da damina ta yi ta fargabar fumfuna, da hunturu ta yi ta duba murhu. Ba ta kwana a ko'ina sai gida. Ta tsufa tana gadin abin da sau ɗaya a shekara ake buɗewa, a yi masa kallon tsoro, a rufe.

Rokuro, ƙanen mijinta, shi ya matsa a kira masana. So yake a kai zanen gidan tarihi, a rubuta sunan zuri'arsu a ƙarƙashinsa.

"Yaya, kin tsufa fa," in ji shi. "Wata rana za ki manta ki naɗe kifi da shi."

"Kai da ka manta inda ka ajiye haƙoranka jiya?"

Wadda aka turo mace ce mai sanyin magana, Malama Mizutani. Ta wanke hannu, ta shimfiɗa zanen a kan tabarma, ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Ta haska takardar, ta sa madubin ƙara girma a kan jan hatimin mai zanen da ke gefe. Shayin da Tokiko ta kawo mata har ya huce. Ita dai Tokiko idonta na kan wani ɗan tabo da ta gani a ƙasan takardar. Idan zanen na gaske ne, za a ce a hannunta tabon ya fito.

"Takardar tsohuwa ce, ta zamaninsa," Malama Mizutani ta ce daga ƙarshe. "Amma hatimin daga baya aka buga shi. Fukafukan sun yi kama da hannunsa. Ruwan kuma bai yi ba."

"To nasa ne ko ba nasa ba?" Rokuro ya tambaya.

"Baba, ban sani ba. Yana da almajirai da yawa, kuma dukkansu haka ya koya musu jan tawada. Ko wa ka kawo, in mai gaskiya ne, iyakar abin da zai faɗa ke nan. Gidan tarihi ba zai karɓa da sunansa ba."

"Wannan tabon fa?" Tokiko ta nuna da yatsa.

"Ya girme ki, Mama. Ya girmi kakarki ma. Kin riƙe shi da kyau ƙwarai."

Tokiko ta ji hankalinta ya kwanta. Ta nemi ta yi baƙin ciki saboda Rokuro, ta rasa ta inda za ta fara.

"Yanzu me zan yi da shi?"

"Ki rataye shi mana. Zane ne mai kyau. Kaka ta shigo, iska ta bushe, ba abin da zai same shi. In ya yi 'yan makonni ki naɗe ya huta."

Bayan baƙuwar ta tafi, Rokuro ya zauna yana ƙunƙuni, wai masanan yanzu ba su san komai ba. Duk da haka shi ya hau kujera ya rataye zanen, don ya fi ta tsawo. Suka zauna a gabansa da sabon shayi da dafaffen dankali. Hasken la'asar ya faɗo a kan takardar, sai ga wasu 'yan ƙananan kifaye kusa da ƙafar zalɓen, da tawada mai haske kamar hayaƙi. Tokiko ba ta taɓa lura da su ba.

"Dubi wawa," in ji Rokuro, baki cike da dankali. "Abinci a ƙafarsa, shi yana kallon sama."

"Ƙila a ƙoshe yake."

Rokuro ya ƙara matsowa, ya gyara tabarau. "Ko waye ya zana shi dai, ya san tsuntsu."

Tokiko ta miƙe ƙafafunta a kan tabarma, ta ƙara masa shayi.