Ɓerayen Liyatu

Man gyaɗa na ta tsuwwa a tanda, waina ta yi ja, amma bencin Liyatu wayam. Ernest ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon matarsa tana juya abin da babu mai saye. Shekara da shekaru a nan rabin layinsu na Sabon Gari ke karya kumallo. Sai ga wani saƙon murya ya bazu a wayoyin unguwa, muryarta sak: "Na zuba musu a waina, su ci su mutu."

"Baban Rhoda, ɓeraye fa nake nufi," in ji ta, idonta a ƙasa. "Tun damina na tura wa matan layi, kuma ban ambaci waina ba."

"Na sani, Maman Rhoda. Ba ni na kwashe gawarwakin ba?"

Ta yi ɗan murmushi, na farko tun ranar da abin ya fito.

*

Ernest ya kai saƙon unguwar Bosso, wurin Malama Kafayatu, mai koyarwa a jami'a, wadda aikinta binciken sauti. Ta shimfiɗa muryar Liyatu a fuskar kwamfuta, ta fito kamar haƙoran matsefi.

"Baba, ka ga wannan siririn layin? Gurnanin wutar lantarki ne, waya na ɗauka ko kunne bai ji ba. Nan ya tsinke, nan ma. An yanke an liƙa."

Ta danne muryar, ta ɗago abin da ke bayanta. Ruwan sama ne ke dukan kwano. Da aka zo kan "a waina", ruwan ya ɗauke cak, sannan ya dawo.

"An ce makon jiya ta yi maganar. Yaushe rabonmu da ruwa?"

"Tun Oktoba," in ji Ernest.

*

Tun a cikin keken adaidaita, a hanyar gida, ya tura bayanin Malama ga zauren unguwa na waya. Ndaliman tela ne kaɗai ya amsa: "Allah ya saka wa Maman Rhoda." Wani ya rubuta cewa saƙon ya yi tsawo.

Washegari Liyatu ta je famfo. Matan suka janye bokitansu, suka ba ta hanya ba tare da gaisuwa ba. Bokitinta ya cika har ya fara zuba, ba wadda ta matso ta ɗora mata. Ernest ya ratso tsakiyarsu da furfurarsa, ya naɗe gammo, ya ɗora bokitin a kansa. Ruwan na fantsala masa a riga, ita tana biye tana cewa ya bi a hankali saboda bayansa.