Notin Sama

A unguwar Ɗan Iya ba wanda bai san jar motar Babanmu ba. 'Yar ƙarama ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya, kuma ta girme ni da shekara goma sha biyar cur. Wani Bature malamin makaranta ne ya sayar masa da ita da zai koma ƙasarsu, tun Baba yana saurayi. Mu biyar muka taso muna wanke ta muna goge ta, amma ko ɗayanmu bai taɓa riƙe sitiyarinta ba. Mutum ɗaya ne a duniya aka yarda ya sa mata sifana, wato Baba Tunji makanike, shi ma bara ya tattara ya koma garinsu saboda ciwon baya.

Ran wata Alhamis Baba ya dawo daga ganin likitan ido, aka ce masa tuƙi ya ƙare. Da muka zo gaishe shi da yamma sai ya ce akwai wani mutum daga Abuja mai tara tsofaffin motoci, ran Asabar bayan la'asar zai iso Bauchi ya ɗauke ta.

"Ba zan bar ta a tsakar gida kaji suna yi mata ƙwai a kujera ba," in ji shi.

Yayyena maza duk suka gyaɗa kai, wai ya yi daidai. Ni kuwa ji na yi kamar an ce za a sayar da ɗakin mahaifiyarmu. Na ce, "Baba, ni ina so."

Sunana Salma, amma Ummi yake kira na, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya dube ni ta saman tabarau. "Ummi, ke da kike koyar da lissafi? Wannan ba kyanwa ba ce da za ki zuba mata madara ki tafi aiki."

"Ni nake canza man motata da kaina."

"Taki ta jiya-jiyan nan." Ya nuna bayan jar motar. "Kin ji kukan da take yi a baya in ta ɗau gudu? Man aksul ne, na tsakanin ƙafafun baya, an daɗe ba a taɓa shi ba. Ki canza shi ran Asabar da safe, da hannunki. In ta yi shiru, sai mu yi magana."

Wallahi ranar Juma'a a aji ban san abin da na koya wa yaran mutane ba. Ana tashi na hau keke-napep na tafi na sayo man giya mai kauri gwangwani biyu, da tiyo siriri, da mazurari. Na kalli bidiyo a waya har sau uku, ina kallo ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Aikin ba wuya a ido. Tsakanin ƙafafun baya akwai wata tukunyar ƙarfe, a cikinta haƙoran da ke raba wa ƙafafun ƙarfi suke juyawa cikin mai. Noti biyu gare ta, na ƙasa na zubar da tsohon mai, na sama na ɗura sabo.

Asabar ƙarfe bakwai na riga na ɗaga motar, na tokare ta gaba da baya don ta zauna daidai. Na sa tsohuwar rigar mijina, na ɗaure kai tamau, na shimfiɗa kwali na shige ƙasa. Baba ya sa aka kawo masa kujerarsa gindin mangwaro, ga shayinsa, ga sandarsa, ya harɗe ƙafa kamar alƙali.

Notin ƙasa bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Juyi biyu ya saki, baƙin mai ya tsiyayo cikin roba, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kuma ɗan kaɗan ne, ko rabin abin da ya kamata bai kai ba. A bakin notin akwai maganaɗisu, ya kwaso garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli, amma babu ɓarɓashin haƙori ko ɗaya. Daɗi ya kama ni, na miƙo hannu daga ƙarƙashin mota ina nuna wa Baba.

"Baba, haƙoran lafiya lau suke. Ƙishirwa ce kawai ke damun ta."

"To, madalla," ya ce, ya kurɓi shayi.

Na goge notin na mayar, na ɗaure. Sannan na sa sifana a notin sama. Ya ƙi motsi. Na gyara kwanciya na ja da hannu biyu, ko gezau. Na zura bututu a jikin sifanar don ƙarin ƙarfi, na tokara ƙafa a taya na ja, sai na ji sifanar ta sulluɓe, gwiwar hannuna ta daki ƙarfe. Da na haska fitilar waya, kan notin ya cinye, ya zama mulmulalle kamar ƙwallon goriba.

Ga shi na zubar da tsohon mai, kuma ƙofar da zan ɗura sabo a rufe take. Motar da jiya take tafiya da kukanta, yau na mayar da ita wadda ko ƙofar gida ba za ta fita ba, ga mutumin Abuja yana hanya.

"Ummi, na ji shiru," in ji Baba.

Ba zan ɓoye ba, shaiɗan ya raɗa mini cewa idon Baba ba ya ganin ƙarƙashin mota. Amma da na tuna haƙoran nan za su yi ta cin juna a bushe, sai na ji kunyar motar ma ta kama ni. Na jawo jikina na fito, baƙin mai har a goshi.

"Baba, na yi ɓarna. Na zubar da mai kafin in gwada notin sama, kuma ya cije, na cinye masa kai."

Na zata zai yi faɗa. Sai ya ajiye kofin, ya ce, "To yanzu me za ki yi?"

Na kira Baba Tunji a waya. Da ya gama jin bayani ya yi dariya har da tari, sannan ya amsa da Hausarsa ta Bayarabe.

"Ummi, kai ka buɗe na ƙasa kafin na sama? Kullum na sama ne farko, in bai buɗe ba ka bar mota ya tafi da mai nasa. Ba komai. Nemo mai walda ya liƙa sabon noti a kan wancan. Zafi zai sa shi ya saki. Amma cire batir, kuma rufe tankin mai da buhu mai ruwa, kar ka ƙona mini mota."

Na dubi Baba, don ya ce da hannuna. Ya ɗaga kafaɗa. "Ai ban ce ki zama mai walda ba."

Haka na fita da rigar mijina da man a goshi, na tare keke zuwa Fadaman Mada. Ɗanlarai mai walda yana tsakiyar haɗa ƙofa, da farko ya ce sai azahar. Da na ce jar motar nan ta unguwar Ɗan Iya ce, ya ajiye ƙofar mutane ya kinkimo injinsa da ɗan janareto, wai tun yana firamare yake son ya taɓa ta. Na cire batir, na jiƙa buhu biyu na lulluɓe tankin, na tsaya da bokitin yashi a hannu. Ya liƙa notin, ya fito, ya ce, "Hajiya, bismillah, naki ne."

Na jira jan ya dushe, na sa sifana, na yi bismillah na ja. Wata 'yar ƙara ta fito, ƙas, sai notin ya juya. Ban san sanda na rangaɗa guɗa a ƙarƙashin mota ba, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu.

Sauran aikin daɗi ne zalla. Na zura tiyo a ramin, Ɗanlarai ya ɗaga mazurari sama, man mai launin zuma ya riƙa gangarowa a hankali kamar ba ya so. Da ya fara dawowa ta bakin ramin na san ta ƙoshi. Na ɗaure notin, wanda yanzu yake da sabon kai, na goge ko'ina, na mayar da batir, muka sauke ta ƙasa.

Baba ya tashi da sandarsa, ya zagaya ta gefen direba kamar yadda ya saba shekara arba'in da wani abu. Ya dafa ƙofar, ya tsaya. Sai ya sake zagayowa ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna, ya miƙo mini makulli ba tare da ya dube ni ba.

Muka naɗe rufin muka bi hanyar Inkil. Sitiyarin da nauyi, giyar da tauri, amma bakina ya ƙi rufuwa. Da muka fita cunkoso na taka ta. Baba ya rufe ido, ya karkata kai baya yana saurare. Iska kawai muke ji da muryar inji, bayan motar shiru.

Wajen gonakin Inkil wayarsa ta yi ƙara. Ya lalubo ta a aljihu, ya kanga a kunne yana ɗaga murya saboda iska.

"Alhaji, har kun iso? Sannunku da hanya. Sai dai ka yi haƙuri, na sa ka tafiyar banza. Motar ba tawa ba ce, ga mai ita nan ta ɗauko ni, kuma ban ga alamar za ta sayar ba."

Ya mayar da wayar aljihu, ya cire tabarau ya goge idonsa da hannun riga. Sannan ya ce, "Ummi, sa giya ta huɗu mana, kina wahalar da ita."