Gurnanin da Ya Shiga Faifanmu

A damunar 1992 muka shiga ɗaukar faifanmu na biyu. Mu uku ne a ƙungiyar. Lorne Haugen ke rera waƙa da kaɗa jita, Wendell ke riƙe da jita mai kaurin murya kuma shi ke kula da na'urar ɗaukar sauti, ni kuwa ganga ce aikina. Mun kama wata tsohuwar rumfar yankan katako a gindin tudu, can bayan garin Olympia. Masu saran itace sun aske tudun tas, sai kututture. Tun da muka iso ruwa bai ɗauke ba.

Wendell ne ya fara jin abin. Muna sauraron abin da muka ɗauka da safe, sai ya ce mu kasa kunne. Ƙarƙashin kiɗan akwai wani gurnani mai zurfi da ke tasowa ya lafa, kamar saniya na nishi daga nesa. Ya canja wayoyi, ya kashe firji, ya ɗauki sautin ɗakin ba mai kiɗa. Gurnanin na nan.

Lorne ya yi murna. Ya daɗe yana neman sautin da zai sa mai sauraro ya ji ƙasa na juyawa da shi, ga shi ya samu a ɓagas. Ya gina doguwar waƙa a kansa, ya hana a goge ko kaɗan.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ruwan famfo ya koma ja. Ƙofar baya da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa. Ranar Asabar ina zaune ban taɓa komai ba, na ga sandunan kiɗana sun gangara daga kan ganga sun faɗi.

Na ce mu kwashe kaya mu ƙarasa a gari. Lorne ya yi dariya, ya ce ashe mai dukan fata ma tana da tsoro.

"Corinne, ke da kike fasa kunnuwan mutane, ƙofa ce za ta kore ki?"

Wendell ya goyi bayana. Muka loda gangunan da kaset ɗin da aka gama a mota. Lorne ya ce saura muryarsa a baiti na ƙarshe, mu je mu ci wani abu mu dawo mu ɗauke shi. Na roƙe shi, ya daga mini hannu ya maida abin sauraro a kunne.

Ba mu kai babban titi ba muka ji gurnanin, wannan karon ba ta na'ura ba. Na waiga na ga tudun ya zaftaro, kututturai suna saukowa a tsaye, laka na tafe da su.

Muka koma muka tarar laka ta binne rumfar, da hannu muka fara tono kafin masu ceto su iso. An zaro Lorne da yamma, da ransa, wani ginshiƙi ne ya tokare rufin bai rufto masa gaba ɗaya ba. Ƙugunsa ya karye, kunnensa na hagu ya mutu.

Faifan ya fito shekarar da ta biyo, baitin ƙarshe babu murya. Lorne ya koma gidan yayarsa a Yakima, inda ruwa ba ya yawa. Na kai masa ziyara sau da dama. Yakan yi hira, ya yi barkwanci, amma da hadari ya haɗu sai ya fita ya zauna cikin mota, makulli a hannu.