Bangon Zauren Kawu Zarami

Duk Roni babu wanda bai san Bunu mai fenti ba, kuma babu sunan da ya fi ƙona masa rai kamar wannan. Ya yi karatun zane a Zariya, ya dawo da takardarsa da buri fal ciki, amma abin da gari ya gani a hannunsa burushi ne da gwangwani. To me ake yi da mai burushi? Tela ya kawo allo a zana masa almakashi, mai aski ya kawo nasa a zana kawuna, direbobi su kawo ƙeyar mota a zana musu zaki ya wage baki. Lokacin ne kuɗin mai ya fara gangarowa har ƙauye, kowa ya buɗe shago, kowane shago kuma sai da allo. Bunu yana yi saboda abin kai wa baki, amma yana yi yana tsaki.

Aikinsa na gaske yana fuskar zauren kawunsa Zarami, wanda ya riƙe shi tun rasuwar iyayensa. Tun da aka gama girbi ya fara. Bai taɓa fentin kanti ba. Jar ƙasa daga gindin duwatsun Roni ya haƙo ta da kansa, farar ƙasa daga wajen Gwiwa, baƙi kuwa kunkunniyar madafi ce ya dama da ƙaro. Shuni ya roƙo a marina, makuba ya jiƙa don ruwan sama kada ya yi masa ɓarna. Sai ya kwaɓa laka ya tayar da zanen da yatsunsa, yadda magina na dā suke yi, amma abin da ya fito ba irin nasu ba ne. Duwatsun gari ne kamar yadda suke bayan ruwan farko, sun yi duhu suna sheƙi. A ƙarƙashinsu ƙahonnin shanu sun sarƙe da juna har sun zama dagi, gefe-gefe kuma ya bi da irin zanen da ke jikin ƙoren Adda, Bafulatanar da ke kawo musu nono. Ya daɗe yana tsare matar nan da tambaya a kan ƙorenta har ta fara zaton zai saya ne, da ta ga ba saye ba ne ta daina sauke kayanta a ƙofar.

In ya tashi aiki sai ya sakaya bangon da zana, saboda awaki masu soshe-soshe da ranar da ke ƙona launi kafin ya kama. Mutanen gida kuwa fassararsu daban. Hajja Kaka, mahaifiyar Kawu Zarami, ta ce ai kunya ce, yaro ya ɓata bango yana ɓoyewa. Kullum ta wuce sai ta tsokane shi, wai maigidanta ya je har Zariya ya koyo wasan laka, da ya tambaye ta da ta koya masa kyauta. Kawu Zarami bai taɓa hana shi ba. Mutum ne mai kawaici, ya bar wa ɗan 'yar'uwarsa bango ya yi ta gwaji, a ransa yana cewa in damina ta matso a yaɓe.

Shi kuma Bunu bai taɓa zaunar da kowa ya yi masa bayani ba. A nan kam ba zan goyi bayansa ba. Yana da irin girman kan nan na masu fasaha, wai in abu yana da kyau ido zai gani da kansa, wanda bai gani ba kuma ba shi da rabo.

Mutum ɗaya yake so ya gani. Malam Lauwali, wanda ya koyar da shi a Zariya, yanzu yana wani ofishi a Kano, an ba shi aikin zagaya jiha ya zaɓo matasan da za a kai ayyukansu babban nunin da ake shiryawa a Legas. Wanda aka zaɓa an san shi ke nan, ya fita daga sahun masu rubuta allo. Bango ba ya ɗaukuwa, amma Malam Lauwali ya ce in abin ya kai yadda Bunu ke faɗa, za a turo mai hoto, a kuma ba shi bango a can ya yi irinsa. Bunu ya yi sintiri a ofishin nan har masinja ya san shi, sannan aka ce masa Malam zai zo Kazaure cikin makon gobe, in ya samu sarari zai leƙa Roni.

Wannan "in ya samu sarari" ita ta hana Bunu sukuni. Ya san manyan ma'aikata, sararinsu ba ya kai su hanyar da babu kwalta. Sai ya yanke shawarar ya je Kazaure ya tsare mutumin, ya shigo motarsa ya kawo shi da hannunsa. Da zai tafi ya durƙusa gaban kawunsa ya ce babban baƙo zai zo daga Kano don ya ga aikinsa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kawu Zarami ya shafa gemu, fuskarsa ta cika da farin ciki, ya ce ya je kawai, ba za su ba shi kunya ba.

A Kazaure ya sha zama. Yau a ce Malam yana Babura, gobe a ce ya wuce Kanya Babba kallon masu saƙa, jibi a ce ya koma Kano mota ta samu matsala. Bunu yana kwana wajen wani abokinsa, da safe ya tafi ƙofar masaukin baƙi ya zauna a ƙarƙashin darbejiya yana kallon hadarin da ya fara haɗuwa a gabas. Ya so ya koma gida ya duba bangonsa, ya ji tsoron yana juya baya mutumin zai iso. Ransa ya ɓaci har ya daina amsa gaisuwar maigadi da kyau. Sai da mako ya juyo sannan farar fijo ta tsaya, Malam Lauwali ya fito yana ba da haƙuri, ya ce su je yanzu yanzu, amma fa ba zai daɗe ba.

A hanya Bunu ya buɗe baki. Abin da bai taɓa gaya wa 'yan gidansu ba duk ya zazzage shi: yadda jar ƙasa ke sauya launi in ta sha makuba, yadda ya gano cewa laka tana riƙe inuwa fiye da kowane ƙyalle, yadda in rana ta karkata ƙahonnin nan suke kamar suna motsi. Malam Lauwali yana gyaɗa kai, ya ce irin wannan yake nema tun da ya fito, ya gaji da masu kwaikwayon kalanda.

Suna shiga layinsu Bunu ya lura da abu na farko. Akwai wani kwazazzabo a ƙofar gida da ruwa ya zaizaye, ko keke sai an ɗaga. Yanzu an cike shi, an daddaɓe, mota ta hau lafiya lau ta tsaya a kai. Ya ji daɗi, ya ce a ransa Kawu ya kyauta. Sannan ya ɗaga kai.

Zanar da ya sakaya bangon da ita babu ita. Bangon zaure ya zama sumul, an yi masa filastar siminti daga ƙasa har zanko, an bi shi da koren fenti mai ƙyalli, warinsa har cikin mota. Gidan Zarami ne na farko a layin da ya sha siminti. A jikin sabon bangon kuwa, an jingina alluna a jere: na tela da almakashinsa, na mai aski, na mai gyaran rediyo, na mai shayin bakin kasuwa. Can gefe an ajiye babbar motar gyaɗa an juyo da ƙeyarta, zaki ya wage baki yana kallon baƙo. Kawu Zarami ya bi gari shago-shago ya aro su, bai bar ko ɗaya ba.

Ga shi nan tsaye cikin babbar rigarsa ta Juma'a, maƙwabta a bayansa, an shimfiɗa darduma, an kawo fura da soyayyun zabi. Ya tari baƙo hannu biyu, ya ce ya yi haƙuri da gidan ƙauye, sun ɗan gyara abin da ya sawwaƙa. Bunu ya fito daga mota. Ya je ya ɗora tafin hannu a bangon, yana laluben ko tudun ƙaho ɗaya ya rage a ƙarƙashi. Babu komai, lafiyayyen aiki magina suka yi.

Ya juyo ya rage murya. "Kawu, abin da ke jikin bangon fa?"

"Kwantar da hankalinka, ɗana," in ji Kawu Zarami, shi ma a hankali, don kada baƙo ya ji. "Ba wanda zai gani. Magina sun ce siminti ba ya kama laka mai tudu, sai da suka sassaƙe shi tas. Ni da na san kana rufewa da zana, zan bari baƙonka ya tarar da shi?"

Da a ce mugunta ce da abin ya zo da sauƙi, da Bunu ya samu wanda zai yi wa fushi. Amma dattijon nan ya sayar da bijiminsa ya sayi siminti, ya tsaya a rana kan magina, ya bi mutane yana roƙon aron alluna, duk don ɗan marigayiya ya fita kunya. Baƙin ciki ya cika Bunu, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Kawu." Muryarsa ta fita daƙyar, Kawu ya ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa.

Malam Lauwali ya gane. Ya dubi bango, ya dubi Bunu. Mutum ne mai ladabi, don haka ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, Kawu yana biye yana gaya masa sunan mai kowane shago. Ya sha fura ya yaba. Da ya samu Bunu shi kaɗai ya tambaye shi ko akwai hoto, ko zane a takarda, ko wani abu da zai nuna wa na sama da shi. Babu. Bunu bai taɓa zana shi a takarda ba, daga kansa zuwa yatsunsa ya tafi. Ya roƙi a ba shi lokaci ya sake wani, Malam ya ce sunaye za su tafi ƙarshen wata, kuma shi kansa Bunu ya san laka ba ta bushewa a damina.

Da zai shiga mota, ganin dattijo ya zuba masa ido yana jiran hukunci, sai Malam Lauwali ya ce hannun yaron yana da tsabta ƙwarai, kuma wajen nunin za a buƙaci masu rubuta allunan nuna hanya, zai sa sunansa. Ya faɗa ne don ya faranta wa gida. Ya kuwa faranta musu. Maƙwabta suka shiga yi wa Kawu barka, Hajja Kaka ta rangaɗa guɗa daga cikin zaure, tana cewa maigidanta zai je Legas, saura ya dawo da wata ya manta da ita.

Fijo ta ja baya ta tafi. Tayarta ta tone cikon kwazazzabon nan kaɗan, Bunu ya hango wani abu shuɗi a cikin ƙasar. Ya tsuguna ya tono. Guntun ƙaho ne na laka, bai fi tsawon yatsa ba, shunin yana nan ɗanye kamar jiya aka shafa. Ya ƙara tonawa, ga ja, ga fari, ga gefen zanen ƙoren Adda. Ashe da bangonsa aka cike ramin, a kansa motar baƙon ta tsaya tun zuwanta.

Yana nan tsugune Kawu Zarami ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya bar wasa da ƙasa haka nan, mutane suna kallo. Ya ce kafin a mayar wa masu shago allunansu, ga bango nan sabo fil, ya ɗauko burushi ya rubuta masa sunansa a sama da manyan baƙaƙe, yadda mai wucewa zai san gidan su mai fenti ne.

Bunu ya jefa guntun ƙahon a aljihu, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Ya tambayi Kawu da wane launi yake so.