Ciyawar da Fusae Ta Kawo

Ciyawar kyauta ce ta kashe goɗiyar Yaya Shigeji, kuma shi da hannunsa ya riƙa zuba mata, yana sane.

Shigeji yayan matata ne. Gonakinmu uku ne a kan hanya ɗaya a bayan garin Shibecha: tawa a bakin titi, ta Fusae a tsakiya, tasa can ƙurya inda hanyar ta ƙare. Ni da Fusae shanun madara muke kiwo. Shi kuwa ya sayar da nasa tun da ƙugunsa ya lalace, ya bar goɗiya ɗaya, Koharu, irin manyan nan masu jan kaya, baƙa mai farar fuska. Ba ta aikin komai, shi ma haka. Da safe ya share mata barga, ya goge ta, ya yi mata surutu, rana ta wuce.

Fusae 'yar masunta ce, aure ya kawo ta cikinmu. Mijinta ya mutu ya bar mata shanu da wata fadama mai tsami wadda ba abin da ke yi a cikinta sai sauro. Ita ce ta shuka arusaiku a wurin, ciyawar nan mai ganye uku-uku da fure fari da ja-ja. Ciyawar ba ta tsoron ruwa, ba ta tsoron sanyi, shanu kuma suna ƙara nono da ita. Amma duk wanda ya tashi da doki ya san ba a ba shi ita. Hanta take ci, a hankali. Fusae ba ta taɓa riƙe linzami ba, ina za ta sani?

A shekarar, ruwa ya sauka daidai lokacin yanka ya ƙi ɗaukewa. Ciyawar Shigeji ta ruɓe a kwance. Fusae ta riga kowa yanka, tata ta bushe lafiya. Ba ta manta ba cewa da mijinta ya mutu, Shigeji ne ya yanka mata ciyawa har ta tsaya da ƙafarta. Sai ta loda tarakta ta kai masa, ta jera a rumfarsa da kanta.

"Baba Shigeji, ba yawa," in ji ta, tana sunkuyawa. "Koharu ta ɗan taɓa."

Ya sunkuya fiye da ita. Ina wurin. Na ga busassun furannin a jikin damin, na ga shi ma ya gani.

Da ta tafi na ce, "Yaya, arusaiku ce fa."

"Ina da ido."

"To a kwashe. Ka ba ni ita shanuna su ci, in kawo maka tawa. Dami da dami."

"Ta ina za ka bi da ita?"

"Ta hanya mana. Ko tashi zan yi?"

"Ta ƙofar gidanta ke nan. Ta tsaya tana kallo ana fita da abin da ta kawo min."

"Sai a faɗa mata gaskiya. Ba yarinya ba ce."

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "In ce mata me? Na gode, amma guba kika kawo min? Kai dai, Tatsuro, ban san me ƙanwata ta gani a jikinka ba. Bakinka kamar ƙofar barga."

Na kai masa tawa ciyawar duk da haka, iya abin da zan iya cirewa, don ni ma shekarar ba ta bar ni da yawa ba. Na ce ya bar ta Fusae a rumfa ta ruɓe, babu wanda zai ƙirga. Ashe tagar kicin ɗinta rumfar take kallo. Kuma duk sati sai ta leƙo da ɗan kifi ko jiƙaƙƙen kabeji, ta ce, "Baba, Koharu ba ta son ciyawar ne? Na ga kamar ba ta raguwa." Shi kuma ya ce, "Ina! Har yatsuna take nema ta haɗa." Daga nan ya fara zuba mata kaɗan, yana cakuɗawa da tawa. Da tawa ta ƙare a tsakiyar sanyi, bai faɗa min ba.

Ni ina da shanu, tatsa safe da yamma, ga ƙanƙara da za a ture kullum. Na daɗe ban je ba. Ranar da na je, rana ta fito tana dukan ƙanƙara, goɗiyar tana tsaye a waje ta jingina goshi da bangon barga. Farin fuskarta ya kumbura ya tsattsage kamar an zuba mata ruwan zafi. Haƙarƙarinta a waje. Na ɗaga fatar idonta, rawaya shar.

"Tun yaushe?"

"Tsufa ne," in ji shi.

"Tsufan uwar wa? Yaya, ka kashe ta."

"Rage murya."

Abin da ya dame shi ke nan, kada murya ta kai gidan Fusae. Na gaji, ƙafafuna sun jiƙe, ga shanu suna jirana. Na kira likitan dabbobi daga wayar gidansa.

Likita ya zo ya duba ta, ya shiga rumfa ya murza ciyawar a hannu, ya fito. Ya ce hantar ta riga ta tafi. Shigeji ya riƙe hannun rigarsa ya roƙe shi kada ya ambaci ciyawa a gaban kowa. Likitan ɗan garin nan ne, ya gane. Ya ce shi dai aikinsa allura.

Kafin a yi mata allurar da za ta kashe ta, Shigeji ya ɗauko burushi ya goge ta tun daga wuya har wutsiya, yana kauce wa fuskar. Ita ba ta ma san shi ba a lokacin. Da ta faɗi, ƙasa ta amsa har cikin takalmina.

Motar ɗaukar mushe ta bi ta ƙofar Fusae, don babu wata hanya. Ta fito da gudu ba ko mayafi, tana kuka. "Baba, me ya same ta?"

"Shekaru, 'yata," in ji shi. "Amma ta ci mai kyau a sanyinta na ƙarshe. Na gode miki."

Matata ta ce in na buɗe baki sai dai in nemi wani wurin kwana. Ban buɗe ba. Fusae har yau tana shuka arusaiku, shanunta sun fi nawa nono. Shigeji kuwa yana tashi da safe ya share bargar, ya zauna a bakinta. Ba ya magana, don babu mai saurare.